Shin softina ce maganin ruwan burtsatsen kamfanina?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ina da kamfanin wanki da guga a Idu, nan Abuja, muna wanke wa otal-otal zannuwan gado da tawul. Da ruwan rijiyar burtsatse muke aiki, kimanin lita 40,000 a rana. Fararen zannuwa sun fara yin jaja-jaja, sabulu yana saurin ƙarewa, sannan da aka buɗe boilarmu, wato tukunyar tururi, an tarar wani farin abu ya manne wa bututu. Wani dillali ya ce in sayi na'urar tausasa ruwa, wadda suke kira softina, wai ita za ta magance duka. Yaya take aiki, kuma wace iri zan saya?

Amsa: Alhaji, barka kadai, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kafin mu shiga zancen na'ura, alfarma ɗaya nake nema: kada ka biya ko sisi sai takardar gwajin ruwanka ta zo hannunka. Alamomi uku ka lissafa, kuma da wuya a ce cuta ɗaya ce ta kawo su. Farin abin da ke cikin boila da yawan cin sabulu suna iya zama aikin taurin ruwa, shi ne kuwa abin da aka ƙera softina dominsa. Amma jan da zannuwa ke yi galibi sinadarin ƙarfe ne da ke narke a cikin ruwa. Shi ba aikin softina ba ne, hasali ma shi ne kan gaba wajen kashe ta.

Mu Hausawa duk ruwan rijiyar da ba ya kumfa, ko yake da wani ɗanɗano a harshe, mukan ce ruwan zartsi ne. A wajen masu sana'armu abin ya rabu. Akwai ruwa mai gishiri, akwai mai ƙarfe, akwai mai tsami, sannan akwai mai tauri. Tauri sinadarai biyu ne kawai ke kawo shi, kalsiyam da maganisiyam, waɗanda ruwa ke kwasowa daga duwatsun da ya ratsa a ƙarƙashin ƙasa. Ido ba ya ganinsu, ruwan garau yake. Sai an dafa shi sannan su fito su manne wa ƙarfe, kamar farin ƙanzon da kake gani a gindin butar shayi. In sun haɗu da sabulu kuma su kama shi su mai da shi dauɗa mai santsi maimakon kumfa. A takardar gwaji za ka ga an rubuta taurin da miligiram a kowace lita, ko ppm, da alamar CaCO3 a gefe. Ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, daga 61 zuwa 120 matsakaici, daga 121 zuwa 180 mai tauri, abin da ya haura 180 kuwa ya yi tauri ƙwarai. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda hukumar kula da ingancin kaya, wato SON, ta fitar a 2007, ta tsayar da iyakar tauri a 150, ta ƙarfe kuma a 0.3.

Abin da ya sa na dage a kan gwaji shi ne irin ƙasar da kake kai. Ruwa ya fi yin tauri inda ake da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake siminti da shi, kamar Kalambaina a Sakkwato, Ashaka a Gombe, ko Gboko a Binuwai. Birnin Abuja kuwa a kan dutse mai ƙarfi yake zaune, dangin Dutsen Aso da Dutsen Zuma, haka ma Jos da kewayenta. Irin wannan dutse ba ya narkewa da sauƙi, shi ya sa yawancin burtsatsen da na gwada a garuruwan nan biyu ruwansu ba shi da wani tauri mai yawa. Abin da na fi tararwa ɗan tsami ne da ƙarfe. Ban ce naka ma haka yake ba. Na sha ganin rijiyoyi biyu, katanga ce kawai tsakaninsu, amma sakamakonsu ya sha bamban, saboda zurfinsu ba ɗaya ba ne kuma ba tsaga ɗaya suka samu a dutse ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ka kunna samo, wato famfon da ke cikin rijiyar, ya yi aiki na minti goma zuwa sha biyar, ka ɗebi ruwan a bakin rijiya, ba daga tanki ba, cikin gora mai tsabta, ka cika ta fal ka rufe, a kai ɗakin gwaji a ranar. Ka ce a auna maka tauri, ƙarfe, manganis wanda shi ma dangin ƙarfe ne, pH wato ma'aunin tsami, jimillar abin da ke narke a ruwa wato TDS, alkaliniti wato ƙarfin ruwa na kashe tsami, da silika wato sinadarin yashi tunda kana da boila. In da hali a maimaita da rani da damina. Akwai kuma gwajin da za ka yi yau da kanka: zuba ruwan a farin bokiti ka bar shi a buɗe ya kwana. In ka wayi gari ya koma ruwan ɗorawa, ko wani jan gari ya kwanta a ƙasa, to ka ga abin da ke ɓata maka zannuwa.

Ita na'urar ba wani sirri a cikinta. Tun 1850 masana a Ingila suka lura cewa ƙasar noma tana musayar sinadarai da ruwan da ya ratsa ta, a 1905 wani Bajamushe mai suna Robert Gans ya fara tausasa ruwa da wannan dabara, irin ƙwayoyin roban da muke amfani da su yau kuma tun shekarun 1940 ake yin su. Saboda haka duk wanda ya ce maka tasa sabuwar fasaha ce da babu irinta, neman ƙarin kuɗi yake yi.

Sassa uku ne. Akwai doguwar tukunya ta faiba, akwai kan na'ura mai bawul da ke zaune a bisanta, sai tankin gishiri a gefe. A cikin doguwar tukunyar ake zuba rezin, wasu ƙananan ƙwayoyi masu launin zuma, girmansu bai wuce na tsabar acca ba, daga milimita 0.3 zuwa 1.2. Kowace ƙwaya tana riƙe da sodiyam, wato rabin abin da ya haɗu ya zama gishirin miya. Ruwa yana shiga ta sama, ya sauka ta tsakanin ƙwayoyin, ya fita ta wani bututu da ke tsakiya. A kan hanyarsa ake yin ciniki. Ka ɗauki kowace ƙwaya a matsayin mai ba da canji: ka miƙa masa takardar naira dubu, ya ba ka 'yan ɗari biyar-biyar guda biyu. Haka rezin ke karɓar kalsiyam ɗaya ya saki sodiyam biyu, domin ya fi ƙaunar kalsiyam da maganisiyam a kan sodiyam. Shi sodiyam ba ya yin ƙanzo a boila, ba ya kama sabulu.

Ka lura da cewa kuɗin aljihunka bai ragu ba, canji kawai aka yi maka. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su gane ba. Softina ba ta tace ruwa, ba ta rage gishirinsa, ba ta kashe ƙwayoyin cuta, ba ta cire sinadarin fuloraid da ke ɓata haƙoran mutane a wajajen Langtang. Ƙaramar mitar nan mai kama da biro da dillalai ke tsomawa a kofi su nuna maka lamba, TDS take aunawa, ba tauri ba. In ka tsoma ta kafin softina da bayanta, lamba kusan iri ɗaya za ta nuna, wani lokaci ma ta ɗan hau. Duk wanda ya auna ruwanka da ita kaɗai ya ce yana da tauri, bai auna komai ba. Kuma a duk miligiram 100 na tauri da aka cire, kimanin miligiram 46 na sodiyam ke shiga. Don haka ka bar wa ma'aikatanka famfo ɗaya na sha da bai bi ta na'urar ba, ko don masu hawan jini.

Mai canji dole wata rana canjinsa ya ƙare. Idan duk ƙwayoyin sun cika da kalsiyam, ruwa mai tauri zai riƙa wucewa yadda ya shigo, na'urar kuwa ba za ta yi ƙara ko ta nuna wata alama ba. A nan ake yi mata abin da muke kira wankin gishiri. Da farko bawul yana juya ruwa ya shigo ta ƙasa ya yi sama da ƙarfi, rezin ya tashi ya warware, laka da dattin da suka taru su fita ta magudana. Wannan tashin ne ya sa ba a cika tukunya da rezin, kashi biyu cikin uku ake zubawa a bar sauran fili. Daga nan sai a tsotso ruwan gishiri daga tanki. A can ya ƙoshi da gishiri, kusan kashi 26 cikin ɗari, a hanya ake sirka shi ya dawo wajen kashi 10, sannan ya ratsa rezin a hankali. Ko da yake rezin ya fi son kalsiyam, yawan sodiyam da ya taso masa ya fi ƙarfinsa, tilas ya saki kalsiyam ya koma riƙe sodiyam. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ke nan. Sai ɗauraya a hankali, ɗauraya da ƙarfi, a ƙarshe a mayar da ruwa tankin gishiri domin wanki na gaba. Duka yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu.

Bari in koma kan ƙarfe, don nan ne nake ganin kuɗin mutane na salwanta. Shekarun baya an kira ni wani otal a nan Abuja, suna kukan softinar da suka saya ba ta kai shekara ba ta daina aiki. Saboda jan ruwa suka saye ta. Watannin farko ruwan ya yi kyau, kowa ya yi murna, domin rezin yakan kama ɗan ƙarfen da ke narke. Matsalar ita ce da zarar ƙarfen ya sha iska sai ya zama tsatsa, ya lulluɓe ƙwayoyin, ruwan gishiri kuwa ba ya wanke tsatsa. Da muka buɗe tukunyar, rezin da ya kamata ya zama launin zuma ya koma kamar garin jan bulo. Da na gwada ruwan rijiyarsu, taurinsa bai ma kai inda otal zai damu ba. Abin ya yi mini ciwo, domin da kaso kaɗan na kuɗin da suka kashe da an yi musu abin da ya dace tun farko. Shi ƙarfe iska ake ba shi: a watsa ruwan ta sama ya zubo kamar ruwan shawa cikin tanki, a bar shi ya kwanta, sannan a bi da shi ta matacin yashi ko matacin da ke da ƙwayoyin manganis. In ruwan yana da tsami, wato pH ɗinsa ya yi ƙasa da 6.5, sai an fara ɗaga shi, in ba haka ba ƙarfen ba zai fita da kyau ba. Sau da yawa da tsakuwar farar ƙasa ake ɗaga shi, ita kuma tana ƙara wa ruwa ɗan tauri, shi ya sa softina a ƙarshen layi take zama, ba a farko ba. Idan wata rana ka haɗa da ruwan famfo na hukuma, wanda ke zuwa daga madatsar Usuma, ka tuna yana da kulorin, kulorin kuwa yana cin rezin a hankali har ya zama kamar kunu. Matacin gawayi ake sawa a gabanta saboda shi.

To mu ce gwaji ya fito, tauri ya kai 180. Girman na'ura lissafi ne, kuma ina so ka iya yin sa da kanka kafin ka zauna da kowane dillali. Ka ninka litocin da kake sha a rana da taurin: 40,000 sau 180 ya ba da miligiram miliyan 7.2, wato giram 7,200 na tauri kowace rana. Lita ɗaya ta rezin mai kyau, in ana wanke ta da gishiri giram 120, tana kama kimanin giram 50 kafin ta cika. Za ka ga an rubuta kusan ninki biyu na haka a takardar kamfani, amma wannan iyakar ƙarfinta ne a ɗakin gwaji, ba a lissafin aiki da shi. Ka raba 7,200 da 50, ka sami lita 144 na rezin domin aikin yini guda.

Da a nan lissafi ya tsaya, da sai in ce ka sayi mai lita 150 ka huta. Amma akwai gudun ruwa, wanda a kamfanin wanki shi ya fi muhimmanci. Injinan wanki ba sa shan ruwa kaɗan-kaɗan, lokaci guda suke buɗe baki. Lita 40,000 a awa goma lita 4,000 ke nan a awa, amma in injina uku suka tashi cika tare, buƙata na iya kai lita 8,000. Rezin yana buƙatar lokaci kafin ya yi canji. Ƙa'ida ita ce ruwan da ke ratsa shi a awa ɗaya kada ya wuce ninki 40 na yawansa, ni kuma na fi son in tsaya tsakanin 20 da 30. Lita 8,000 a kan rezin lita 150 ya haura ninki 50, tauri zai riƙa sulalewa alhali rezin bai cika ba. A kan lita 300 kuwa ninki 27 ne. Saboda haka a wannan misali lita 300 zan ba ka shawara, a tukunya mai faɗin inci 24 da tsawon inci 72, wadda 'yan kasuwa ke kira 2472. Ko kuma ka ɗauki ƙarama, ka sa ta tana cika wani tanki a hankali dare da rana, injina su riƙa ja daga tankin. Wannan hanya ta biyu takan fi araha in kana da fili.

Lita 300 sau 50 giram 15,000 ke nan, wato miligiram miliyan 15, ka raba da 180, ka ga za ta tausasa wajen lita 83,000 kafin ta cika. Sai a saita ta a kan 75,000 don a bar rara. Kusan duk kwana biyu za ta yi wanki, kowane wanki kuma gishiri kilo 36 da ruwa lita 2,000 zuwa 3,000. A wata mai kwanakin aiki 26, wanki 14 ke nan, gishiri kusan kilo 500, buhu goma masu kilo 50. Ka je ka tambayi kuɗin buhu ka ninka da goma, ka ninka da wata sha biyu. Wannan kuɗi ba ya cikin takardar farashin da dillali ya kawo maka, amma cikin 'yan shekaru yana iya zarce kuɗin na'urar kanta. Ana iya ƙara gishiri don rezin ya ƙara kamawa, sai dai ribar ba ta biyan asarar: in ka ninka gishiri sau biyu, kamun ba ya ninkuwa sau biyu.

Idan kuwa gwaji ya nuna taurin 45 ne kawai, labari ya canza gaba ɗaya. Wankinka ba ya buƙatar softina, ka kashe kuɗinka wajen cire ƙarfe. Boila ce kaɗai ke buƙata, domin ita ko ɗan kaɗan ba ta yafewa. Ruwa yana zama tururi ya tafi ya bar sinadaran a baya, kullum suna taruwa. Ƙanzon ba ya wuce da zafi kamar ƙarfe, bambancinsu ya fi ninki goma, don haka dizal ko gas ɗinka yana ƙonewa a banza, bututun kuma yana yin zafin da ya wuce kima har ya kumbura ko ya tsage. Ruwan da ke shiga boila so ake taurinsa ya kasance kusan sifili. In tana shan lita 5,000 a rana, giram 225 ne kawai na tauri, ƙaramar tukunya mai rezin lita 50 ta ishe ka. Sai dai a saita ta ta yi wanki aƙalla sau ɗaya a mako ko da ba ta cika ba, don kada rezin ya dunƙule ko ƙwayoyin cuta su yi gida a ciki.

Kada kuma ka ɗauka softina ta gama wa boila komai. Ba ta cire silika, wadda ruwan da ya fito daga irin dutsenmu yakan ɗauko, ƙanzonta kuwa kamar gilashi yake, ya fi na kalsiyam wuyar kankarewa. Ba ta cire iskar oksijin da ke huda ƙarfe. Dole mai kula da boila ya ci gaba da sakin ruwan da ke gindin boilar a kan lokaci, a kuma riƙa zuba maganin boila. In TDS ko silika sun yi yawa sosai, to zancen ya wuce softina ya koma na na'urar RO, wadda ita ce ke cire narkakkun sinadarai da gaske. Farin abin da ya riga ya manne kuma, ka sa a kankaro kaɗan a ɗiga masa ruwan asid mai rauni ko ruwan tsami na kanti. In ya yi kumfa, kalsiyam ne. In ya yi shiru, a binciki silika.

Kan na'ura iri uku ne a kasuwa. Akwai na hannu, wanda ma'aikaci ke juyawa mataki-mataki. Ba ruwansa da wutar lantarki kuma ba ya saurin lalacewa, amma ranar da yaron ya manta, ko ya tafi ganin gida, boilarka ce za ta biya. Akwai mai agogo, wanda ke wanki duk bayan kwanakin da aka saita masa, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Ni ba na son sa a kamfani irin naka, domin aikin otal ba ya tafiya daidai, makon babban taro daban, makon da gari ya yi shiru daban. Ga kuma ɗauke wuta, wadda kan rikita wa wasu agogon har su tashi wanki da tsakar rana ana cikin aiki. Na uku shi ne mai mita, wanda ke ƙirga litocin da suka wuce. Shi za ka saya, ka haɗa shi da ƙaramar inbata ko UPS. Sunayen da za ka ji su ne Fleck, Clack, Autotrol da Runxin. Ukun farko sun fi tsada, Runxin kuma na ƙasar Sin ne. Ni abin da nake tambaya kafin suna shi ne: in roba ko fistin ya lalace, akwai shi a shago a Abuja ko Legas, ko sai an yi oda an jira wata biyu?

Tukunya ɗaya ko biyu, wannan ya danganta da awannin aikinka. Lokacin da tukunya ke wanki ba ta ba da ruwa mai laushi. In kuna tashi da yamma, guda ɗaya ta isa, a saita ta ta yi wanki da tsakar dare, muddin akwai wuta da ruwa a lokacin. In kuna kwana kuna aiki, sai tagwaye, ɗaya tana aiki ɗaya tana jira.

Akwai wani abu da ya fi komai kashe softina a ɓoye a garin nan, shi ne rashin ƙarfin ruwa. Ba famfo ke jan ruwan gishiri ba, wata 'yar ƙaramar ƙofa ce a cikin bawul, wadda gudun ruwa ke sa ta tsotsa. In matsin ruwa bai kai 2 ba a ma'aunin da ake kira bar, tsotson ba ya yiwuwa yadda ya kamata. Tankin da ke kan hasumiya mai tsawon mita 10 kuwa bar 1 kawai yake bayarwa. Sai ka ga na'ura tana juyawa, tana zubar da ruwa a magudana, kowa ya ɗauka tana wanki, alhali gishiri yana nan yadda aka zuba shi tun watan jiya. Ka sa famfon ƙara ƙarfi a lissafinka tun yanzu, da agogon auna matsi a gaba da bayan tukunya. In ka ga gishiri ba ya raguwa, ba tattali na'urar ke yi maka ba, ba ta aiki ne.

Gishirin ma a kula da shi. Mai ƙwaya-ƙwaya kamar alewa, wanda aka yi domin wannan aiki, shi ya fi. Gishirin gari na miya yakan dunƙule a gindin tanki ya zama kamar laka, na buhu mai ƙasa-ƙasa kuma yana toshe ƙofar tsotso. Da damina, saboda laima, gishiri kan daskare ta sama ya bar rami a ƙasa, ka leƙa ka ga tanki cike alhali ruwa ba ya taɓa shi. Sanda za a riƙa sokawa ana fasa shi. Lita ɗaya ta ruwa giram 360 take iya narkarwa, don haka kilo 36 yana buƙatar lita 100, da awanni huɗu zuwa shida kafin ya narke sosai. Ruwan wankin kuma, don Allah kada a sake shi kusa da rijiyarka ko cikin lambun maƙwabta. Gishiri ne mai yawa, yana kashe shuka yana ɓata ƙasa, kuma yana iya komawa cikin ruwan da kake ja.

Ranar da za a haɗa, ka tsaya da kanka ko ka tsayar da wanda ka amince da shi. Rezin a buhu mai lita 25 yake zuwa, lita 300 buhu 12 ke nan, a ƙirga a gabanka, a buɗe a gabanka, ka ga sunan kamfani a jiki, ko Purolite ne, ko Amberlite, Lewatit, Indion ko Tulsion. Na taɓa buɗe tukunyar da aka cika rabinta da tsakuwa aka yayyafa rezin a sama, na kuma ga inda aka zuba tsohon da aka kwaso daga wani wuri. Ka murza ƙwayoyin tsakanin yatsu: mai kyau yana mirginawa da ƙarfinsa, wanda ya mutu yana dagargajewa. Mai kyau, in an kiyaye shi daga ƙarfe da kulorin, yakan yi shekara biyar zuwa goma. A yi wa na'urar rumfa, domin rana tana cin faiba da robar bawul. A sa mata hanyar kewaye, wato bututun da ruwa zai bi ba tare da ya shiga na'urar ba, da famfon ɗibar samfur a bayanta, da bawul mai hana ruwan zafi dawowa daga boila. Kada ka biya cikon kuɗi sai an yi wankin gishiri cikakke sau ɗaya a gabanka, ka ga ruwan tankin gishiri ya sauka da idonka. Su kuma 'yan na'urorin maganaɗisu da ake ɗaurawa a jikin bututu a ce ba sa buƙatar gishiri, ka auna ruwa kafinsu da bayansu, taurin yana nan yadda yake. Ba zan yarda a dogara da su a kan boila ba.

Abu na ƙarshe da za ka saya shi ne ya fi komai araha: ɗan akwatin gwajin tauri mai ɗigo. Ana ɗibar ruwa, a sa magani ya koma ja, a riƙa ɗiga wani ana ƙirgawa har ya koma shuɗi. Ruwan da ya fito daga softina mai lafiya shuɗi yake zama nan take, ko kuma bayan ɗigo ɗaya. Ka koya wa mai kula da boila ya yi wannan kowace safiya, ya rubuta a littafi tare da lambar mita da yawan gishirin da ya zuba. Minti biyar ne.

Idan sakamakon gwajin ya fito, Alhaji, ka turo mini shi tare da yawan injinan wankinka, litocin da kowanne ke sha a cika ɗaya, girman boila, da ko kuna mayar da ruwan tururi cikinta. Da waɗannan zan faɗa maka ko softina babba kake buƙata, ko ƙarama ta boila da matacin ƙarfe.